SHEKARA BIYU TA WUCE: SHIN HAƘƘIN MUTUM YANA MUTUWA DON AN DAINA SAURARON ƘARARSA?



'Yan uwa, na san wasunku da sun ga maganar ƙwallo a wannan shafi za su ce, "To, yau kuma Malam ina aka dosa?" Ku yi haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe. Ni ba ma'abocin gidan kallo ba ne, kuma ba na iya bambance mai tsaron baya da ɗan tsakiya. Amma an yi mini wata tambaya a Jibiya wadda ta hana ni sakat kusan mako guda, daga baya na gane tambayar ta shafi mai gona, ta shafi ɗan kasuwa, ta kuma shafe ni ni kaina.

Ɗaurin aure ne ya kai ni. Bayan an shafa fatiha na tsaya a Magama ina jiran motar Katsina ta cika. Duk wanda ya san wurin ya san yadda yake: manyan motoci a jere, 'yan canji riƙe da naira da sefa, jami'an kwastan da na shige da fice, ga hanya ta miƙe zuwa Ɗan Isa har Maraɗi. Sai wani bawan Allah da furfura ta fara fito masa ya matso, da wata tsohuwar leda a hammata, ya gaishe ni ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, fatawa nake nema, amma fa ta ƙwallo ce."

Ga labarinsa a taƙaice. Bakaniken babura ne, amma kowa Koci yake ce masa. Yana da 'yar ƙungiyar yara da yake horarwa bayan la'asar a filin wata firamare, kuma ya yi mata rajista da hukumar ƙwallo ta jiha. A cikin yaran akwai wani da ya riƙe tun yana shekara 12 har ya kai 16. Shi ya saya masa takalmin gwanjo na farko, shi ke biyan kuɗin mota in za a je wasa Katsina, shi ya kai shi wajen mai ɗori ranar da ya karye a hannu. Da mahaifin yaron ya rasu, sai uwar, wadda mutuniyar ƙasar Maraɗi ce, ta koma gida da 'ya'yanta. Daga Maraɗi aka ce yaro ya wuce Yamai. Daga nan labari ya yanke.

Ku tuna shekarun da ake magana a kansu. A watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa, kuma bodar Jibiya ba ta cikin waɗanda aka fara buɗewa a ƙarshen 2020, sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. A tsakanin nan, a Satumban 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, kuma Jibiya na ciki. Mutumin da ke fama da yadda zai kwana lafiya da iyalinsa, ina shi ina bin diddigin wani yaro a bayan teku?

Rannan sai wani yaron shagonsa ya miƙo masa waya. Ya duba, sai ga yaronsa sanye da rigar wani ƙaramin kulob na Turai. Wani ya ba shi shawara ya nemi lauya, wai akwai kuɗin da ake biyan wanda ya raini ɗan wasa. Lauya ya duba katunan rajistar da ke cikin ledar nan, ya yi lissafi ya ce abin ya kai Yuro 70,000. Sannan ya tambayi ranar da yaron ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Da aka bincika, sai aka ga an doshi shekara uku. Lauya ya ajiye biro ya ce, "Koci, ka makara. Shekara biyu ce wa'adin."

Tambayarsa uku ce. "Malam, kuɗin nan yanzu sun halatta ga kulob ɗin? Ni kuma gumina ya tafi ke nan? Shi kuma yaron, in na ce ban yafe masa ba, ina da laifi?"

Direba na ta danna oda. Na ce masa, "Koci, haƙƙi ba ya tsufa." Na karɓi lambarsa na shiga mota. Tun kafin mu yi nisa na ji a raina cewa rabin amsa na ba shi, kuma rabin amsa wani lokaci ya fi shiru cutarwa.

MENE NE AINIHIN DOKAR?

Ba ya halatta mutum ya yi hukunci a kan abin da bai fahimta ba, don haka sai da na zauna na fahimci tsarin.

Kafin 1995, kulob a Turai yana iya riƙe ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare, ya ce sai an biya shi kafin ya sake shi. Wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, ya kai ƙara, kuma ranar 15 ga Disamban 1995 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Sai ƙananan ƙungiyoyi suka ce, to mu da muke rainon yara manya su zo su kwashe fa? Wannan na cikin abin da ya sa a 2001 hukumar FIFA ta fito da sabbin ƙa'idoji masu ɗauke da hanyoyi biyu na saka wa mai raino.

Ta farko ita ce diyyar horarwa. Idan yaro ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru na farko a wata ƙasa kafin ƙarshen shekarar da ya cika 23, sabon kulob zai biya duk ƙungiyoyin da suka horar da shi tun daga shekara 12. Kuma da tsadar horarwa a ƙasar sabon kulob ake yin lissafin. An kasa kulob-kulob rukuni huɗu. A Turai rukuni na ɗaya Yuro 90,000 ne a kowace shekara, na biyu 60,000, na uku 30,000, na huɗu 10,000. Shekarun ƙuruciya, daga 12 zuwa 15, da farashin rukuni na huɗu ake ƙirga su. Ka ga inda lissafin lauyan ya fito: shekara huɗu a kan dubu goma-goma, da shekara ɗaya a kan dubu talatin.

Ta biyu ita ce kason haɗin kai. Duk lokacin da aka sayi ɗan wasa daga kulob zuwa kulob yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa waɗanda suka raine shi tsakanin shekara 12 da 23. Misali, lokacin da Victor Osimhen, wanda ya taso a makarantar ƙwallo ta Ultimate Strikers a Legas, ya koma Napoli daga Lille a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai Yuro miliyan 70, kashi biyar na wannan Yuro miliyan uku da rabi ne. Kun ga ashe abin ba wasan yara ba ne.

Sai ga inda gizo ke saƙa. Dokar ta ɗora wa sabon kulob ya biya cikin kwana 30 da yi wa yaron rajista. In bai biya ba, mai haƙƙi yana da shekara biyu ya kai ƙara. In shekara biyu ta wuce, kotun ƙwallo ta FIFA ba za ta saurare shi ba, kuma alƙalan da kansu suke duba wannan ko da wanda ake ƙara bai tayar da maganar ba.

SHIN WA'ADI ZALUNCI NE?

Abin da zuciya take fara faɗa shi ne, "Wannan dabarar Turawa ce ta cinye gumin talaka." Ni ma haka na fara ji. Amma adalci ya sa in gaya muku cewa sanya wa ƙara wa'adi ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a a Katsina ko Kano ko Sakkwato ya ji kalmar hauzi. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, idan mutum ya riƙe gida ko gona shekara goma yana aiki da ita a matsayin tasa, wani kuma yana gari, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani abu ya hana shi magana ba, to in ya zo daga baya ya ce tasa ce, alƙali ba zai saurare shi ba. Tsakanin 'yan uwa na jini an tsawaita wa'adin ya kai shekara arba'in, saboda an san ɗan'uwa yana kawaici ga ɗan'uwansa. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ma, a kundin dokokinta na Majalla da aka tsara tsakanin 1869 da 1876 a kan mazhabar Hanafiyya, ta ce ƙarar bashi da makamantanta ba a sauraronta bayan shekara goma sha biyar.

Me ya sa malamai suka yarda da wannan? Saboda shaidu suna mutuwa, takardu suna ɓacewa, ƙwaƙwalwa tana rikicewa. Da babu wa'adi, da babu wanda zai yi barci a gidansa, don gobe jikan wani zai iya zuwa ya ce kakansa ne ya ba kakanka aro. Kuma shirun mai haƙƙi na tsawon lokaci, alhali yana gani, alama ce mai ƙarfi cewa ko dai ya sayar, ko ya bayar, ko dama ba nasa ba ne.

A ƙwallo ma haka ne. Yaro ɗaya in ya yi suna, sai ka ga mutum goma kowa na rantsuwa shi ya fara ba shi ƙwallo. Kulob ɗin da ya ɗauki yaro yana buƙatar ya san iyakar abin da ke kansa. Ɗan wasa kuma rayuwarsa a fili gajera ce, in aka bar ƙararraki suna bin sa har abada, kulob-kulob za su guji yaran ƙasashenmu gaba ɗaya, a ƙarshe yaran ne za su kwana ciki. Don haka asalin wa'adi ba zalunci ba ne.

AMMA HAUZI YANA DA SHARUƊƊA

Ku sake duba abin da malamanmu suka gindaya: mai haƙƙi yana nan, ya sani, kuma babu abin da ya hana shi. Wanda ya yi tafiya mai nisa, ko yaro ƙarami, ko mai taɓin hankali, ko wanda abokin rigimarsa mai ƙarfi ne da ake tsoro, ba a ƙirga masa waɗannan shekaru. Majalla ma ta lissafa irin waɗannan uzurori. Ma'ana, shiru ne ake hukuntawa, kuma ba a ce wa mutum ya yi shiru a kan abin da bai ji labarinsa ba.

Nan ne na ga raunin wa'adin FIFA. Ana fara ƙirga shi ne daga ranar da kuɗin suka wajaba, ko mai haƙƙi ya sani ko bai sani ba. Ga kulob a Faransa ko Holand mai ofis da lauya da kwamfuta, shekara biyu ta isa har ta yi yawa. Ga bakanike a Jibiya, da boda a rufe, da waya a katse, shekara biyu tana iya wucewa bai ma san yaron yana raye ba. Doka ɗaya ce a takarda, amma nauyinta a kan mutanen biyu ba ɗaya ba ne. Kuma wanda ya fi kowa sanin ranar da aka fara ƙirge shi ne wanda ake bi bashin, wanda kuma shi ne zai ci riba in lokaci ya ƙare.

Sai dai zan faɗi abin da ba zai yi wa Koci daɗi ba. Rashin saninsa iri biyu ne. Bai san yaron ya sa hannu ba, wannan uzuri ne. Amma kuma shekara da shekaru yana wannan harka bai taɓa neman sanin dokokinta ba, wannan sakaci ne. Malamai sun ce bai kamata mutum ya shiga kasuwa ba sai ya san hukuncin saye da sayarwa. Wanda ya buɗe makarantar ƙwallo shi ma kasuwa ya shiga, ko ya so ko ya ƙi.

WATA HUJJA MAI ƘARFI DA TA TSAYA MINI

Na yi wannan magana da wani abokina masanin doka, sai ya kawo mini abin da ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce, "Malam, kana ta cewa haƙƙi. Wa ya ba shi haƙƙin? Kulob ɗin nan bai ranci kuɗinsa ba, bai yi yarjejeniya da shi ba, bai ma san da shi ba. Dokar FIFA ce ta ƙirƙiri wannan haƙƙi, kuma ita ce ta sa masa wa'adi. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ba zai karɓi rabin dokar da ta yi masa daɗi ya watsar da ɗaya rabin ba."

Wannan magana ce ta hankali, kuma akwai gaskiya a cikinta. Bashin da ka karɓa hannu da hannu daban yake da haƙƙin da tsari ya samar. Da a ce dokar ta ce, "Wanda ya nema cikin shekara biyu za a ba shi kyauta," to da wanda bai nema ba ba ya bin kowa komai.

Amma da na koma na duba, sai na ga ba haka tsarin yake ba. Abubuwa biyu ne a wurare biyu. Na farko umarni ne ga kulob: ka lissafa, ka biya cikin kwana 30. Ba a ce sai an roƙe ka ba. Na biyu umarni ne ga alƙali: kada ka saurari ƙara bayan shekara biyu. To kulob ɗin da ya shiga wannan tsari da yardarsa, yake cin moriyarsa in nasa yaron aka ɗauka, ya ɗauki alkawarin biya. Ranar kwana na 31 ya riga ya zama mai taurin bashi. Abin da shekara biyu ta yi kawai shi ne ta ɗauke masa tsoron sammaci.

Wannan shi ne bambancin da fiƙihu ya daɗe da yi tsakanin hukuncin alƙali da abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Majallar da ta sa wa'adin shekara goma sha biyar, ita ce kuma ta bayyana cewa daɗewar zamani ba ta kashe haƙƙi, har ma in wanda ake ƙara ya amsa a gaban alƙali cewa ana bin sa, to a sa shi ya biya ko shekara nawa aka yi. Asalin wannan kuwa hadisin Ummu Salama ne, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani yana iya fin wani iya tsara hujja har a yanke hukunci a ba shi, amma hukuncin ba ya halatta masa abin ɗan'uwansa, wuta ce ya ɗauka. Idan hukuncin da aka yanke maka bai wanke haram ba, ina ga ƙarar da ba a ma saurara ba?

Don haka amsata ga tambayar farko: in kulob ɗin ya san akwai wanda ya raini yaron, ya yi lamo yana jiran lokaci ya wuce, ya tsira daga kotu amma kuɗin ba su zama nasa ba. In kuwa da gaske bai sani ba, saboda takardun da aka miƙa masa sun nuna yaron daga Yamai ya fara, to ba shi da laifin baya, amma ranar da hujja ta iso masa mutunci ya biya ko ya nemi sulhu.

SHI KUMA YARON FA?

Nan ne nake son mu yi hattara, don na san abin da wasu za su fara cewa shi ne butulu.

Na farko, a dokar kanta kulob ake bi. Ba a bin yaron ko sisi. Na biyu, yaro ɗan shekara 12 bai ƙulla ciniki da kowa ba, kuma ɗan Adam ba haja ba ne. Akwai masu horarwa da suke ɗaukar yaran da suka raina kamar tumakin kiwo, su riƙe musu fasfo, su hana su tafiya sai an biya, su haɗa baki da dillalai a rage shekarun haihuwa. Wanda ya rage wa yaro shekara da hannunsa, ya sani ya goge wasu daga cikin shekarun da shi kansa ya yi yana wahala da shi, kuma ranar neman haƙƙi ƙaryar ce za ta fara ba da shaida a kansa. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi.

Abin da ke kan yaron shi ne godiya da sada alheri. Wannan ba ta da wa'adin shekara biyu, ba ta da na arba'in, amma kuma ba alƙalin da zai tilasta ta. Kuma akwai abu ɗaya da yake hannunsa wanda ya fi kyautar kuɗi: ya faɗi gaskiyar inda ya taso. Kalmarsa ɗaya tana iya taimakawa a gyara tarihinsa a takarda. Ɓoye shaida kuwa kun san matsayinsa.

Da na kira Koci na ce masa, "Kafin ka ce ba ka yafe ba, ka tabbata ya san kana nemansa? Yaron da ya bar gari yana maraya ɗan shekara 16, ya faɗa hannun mutanen da suka ce masa sa hannu nan, sa hannu can, wataƙila shi ma bai san akwai wannan doka ba." Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi Malam ban taɓa kawo wannan a raina ba."

ABIN DA BAI WUCE BA TUKUNA

Na kuma gaya masa kada ya yar da ledar nan. Diyyar horarwa ta kwantiragin farko ta kuɓuce a kotu, amma kason haɗin kai yana sabuntuwa. Duk ranar da wani kulob ya sayi yaron da kuɗi, sabon haƙƙi ya faɗo da sabon wa'adi. Sannan tun 16 ga Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe wata cibiyar biyan kuɗi a birnin Faris, wadda ake bi ta cikinta a tura wa masu raino kasonsu, bisa fasfon ɗan wasa na intanet da ke nuna duk inda aka taɓa yi masa rajista tun yana shekara 12. Wannan gyara ne babba, domin ya ɗauke nauyin farautar labari daga wuyan talaka. Amma na'ura abin da aka shigar mata kawai ta sani. Wanda sunan ƙungiyarsa bai shiga rajistar hukumar ƙasa ba, ko ya yi shekara goma yana shan rana da yaro, a wurinta babu shi.

To masu makarantun ƙwallo a Katsina da Kano da Zariya da Maraɗi, ku yi rajista, ku shigar da sunan kowane yaro da shekarunsa na gaskiya, ku ajiye takarda, ku rubuta yarjejeniya da iyaye a gaban shaidu. Ba a banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta zo a kan rubuta bashi. Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa buƙatar wannan, domin a wurinmu yaro yana iya karyawa a Najeriya ya ci abincin rana a Nijar, alhali a takarda ƙasa biyu ce da hukuma biyu. Hukumomin ƙwallo na jiha da na ƙasa su ma amana ce a wuyansu su wayar da kan waɗannan bayin Allah, kada su bari sai wa'adi ya wuce mutum ya fara jin sunan dokar.

NI KUMA FA?

Ina cikin rubuta wannan sai wani abu ya faɗo mini. Lokacin da nake ɗalibi akwai wani dattijo mai sayar da littattafai a bakin masallaci da ya ba ni wani littafi mai mujalladi biyu, ya ce in kawo kuɗin in na samu. Na biya rabi. Na bar garin, rayuwa ta yi gaba, shi bai taɓa aiko mini ba, ni kuma na bar abin ya kwanta. Yau fiye da shekara ashirin. Babu takarda, babu shaida, babu kotun da za ta kira ni. Littafin yana nan a kan kantata, har karantarwa nake yi da shi. Ashe abin da nake zargin wani kulob a Turai da shi, ni ma ina zaune a kan irinsa. Na sa an bincika, aka ce dattijon ya rasu, amma 'ya'yansa suna nan. Na aika musu, na kuma roƙi su yafe jinkirin.

Ban faɗi wannan don a yaba mini ba, abin kunya ne ma. Na faɗa ne don na san ba ni kaɗai ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai wanda ya karɓi kaya a Maraɗi kafin a rufe boda a 2019, ko kafin rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe hanya ya yi kamar ya manta. Akwai mai riƙe da gonar marayu yana ƙirga shekaru don ya ce hauzi. Akwai wanda ya ƙware a ɗinki ko kanikanci ya buɗe shagonsa, maigidan da ya koya masa yana nan a unguwa ya tsufa, ko gaisuwar salla ba ya kai masa. Kowannenmu ya san nasa, kuma ba sai an kawo masa sammaci ba.

Shi kuwa Koci, na ce masa ya koma wajen lauyan su rubuta wa kulob ɗin takarda cikin mutunci, su nemi a gyara fasfon yaron ta hannun hukumar ƙwallo, ya kuma nemi dangin uwar a Maraɗi tunda hanya a buɗe take. In an samu, alhamdu lillahi. In ba a samu ba, abin da ya yi wa maraya yana rubuce a inda ba a rufe fayil.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin mutane tun muna da numfashi, Ya kawo mana zaman lafiya a Jibiya da sauran garuruwanmu. Wanda ya san wani mai horar da yara, ya tura masa wannan. Wallahu a'alam.